Haɗa tukunyar zuƙe iska a gida don fitar da kumfa daga rezin

Mai Carbi, Agege:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar hannu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin zubin rezin, wato ruwan roban nan da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri. Ina yin carbi da zobba da ƙananan allunan kyauta da efoksi mai garai-garai, wani nau'in rezin da ake gauraya ruwa biyu kafin a zuba, kuma abin da ke rage wa aikin daraja shi ne ƙwayoyin iska da ke maƙalewa a ciki bayan ya daskare. Ba a cika ganinsu ba sai an ɗaga carbin sama an kalli hasken rana ta cikinsa, amma duk mai saye abin da yake fara yi ke nan. Tukunyar zuƙe iska da ake shigowa da ita daga waje ta fi ƙarfin jarina a yanzu, saboda haka nake so in haɗa tawa. Abin da ke hannuna shi ne tukunyar girki ta zubin alminiyam mai faɗin baki santimita 30, da murfin gilashi na wata tukunya daban wanda ya hau bakinta daidai, da kwamfureson tsohon firji da wani maƙwabcina ya ba ni. Shin waɗannan ukun za su yi, ko akwai wanda ya kamata in ajiye tun kafin in kashe kuɗi a kan geji mai auna matsin iska da bawul mai buɗe wa iska hanya da rufe ta?

Injiniya na Apapa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara ajiye murfin gilashin nan, ka mayar wa masu girki abinsu. Mutane da yawa suna ɗauka famfon zuƙe iska ne ke jan murfi ƙasa, alhali iskar da ke waje ce ke danne shi da zarar an kwashe ta ciki. A nan Legas, da yake muna daidai da doron teku, iska tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗori. Bakin tukunya mai faɗin santimita 30 yana da fili kusan santimita murabba'i 707, wato murfinka zai ɗauki nauyin da ya kai kilo 730, fiye da buhun siminti 14 a jibge a kan gilashin da aka yi shi don ya tare tururin miya kawai. Idan ya fashe, ciki zai fara rufta, sannan tarwatsin ya yi tsalle ya fito, kuma a daidai lokacin fuskarka tana sunkuye a kansa kana kallon kumfa. Abin da ake amfani da shi shi ne allon akirilik mai kauri, wanda masu allunan talla a Mushin da Shomolu suka fi sani da Perspex. Ga baki mai wannan faɗi, ni ban yarda da abin da ya gaza milimita 20 ba, kuma a yanka shi ya zarce bakin tukunyar ta kowane gefe.

Mai Walda, Owode Onirin:
Ina goyon bayan Injiniya, sannan ina ƙara da cewa tukunyar ma ba ta yi ba. Mu da muke cikin ƙarafa mun san tukunyar zubi: ana narka tarkacen alminiyam a zuba a mazubin yashi, kuma jikinta yana fitowa da ƙananan kofofi da ido ba ya gani. Za ta riƙe ruwa da miya lafiya lau, amma iska tana iya silalowa ta jikinta, ga kuma bakinta ba ya taɓa yin sumul yadda roba za ta kwanta a kai. Ka nemi tukunyar ƙarfe mara tsatsa mai kaurin jiki, ko tsohuwar tukunyar firesha, wadda dama an yi ta da kauri kuma bakinta a daidaice yake. Wadda jikinta ke lotsawa idan ka danna da babban yatsa, ka bar ta, domin za ta lanƙwashe ciki. Akwai kuma masu kawo mana tukunyar gas su ce a yanke mata kai don irin wannan aiki. Ni ba na karɓa, kuma ina roƙon kowa ya bar wannan tunani, saboda tukunyar da ake ganin ta ƙare tana iya riƙe ragowar gas da zai kama da tartsatsin injin yanka.

Baban Sadiq, Idi-Araba:
Tunda an rushe biyu, bari in tsaya wa na ukun. Sana'ata gyaran firji da AC, kuma ina tabbatar maka, Mai Carbi, cewa kwamfureson firji yana zuƙe iska sosai idan lafiyarsa ƙalau. Yana da bututu uku: na zuƙa, na turawa, da gajeren da ake cika gas ta cikinsa. Ka toshe gajeren, ka haɗa tiyonka a na zuƙa, ka sa na turawa a cikin gwangwani mai tsumma domin yana feso mai kaɗan-kaɗan. Ka bar masa rilensa, wato abin da ke tayar da shi, da na'urar da ke yanke wuta idan ya yi zafi, kada wani ya ce maka a cire. Ba shi da ƙara, ba ya shan wuta da yawa, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Ga wanda jarinsa bai yi ƙarfi ba, ban ga dalilin da zai sa a ce lallai sai ya je Alaba ya sayi sabon famfo ba. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: yawancin sababbin firji suna aiki da gas ɗin R600a, wanda yake kamawa da wuta, don haka kada ka yanke bututu da kanka idan kwamfureson yana jikin firjin har yanzu.

Injiniya na Apapa:
Baban Sadiq, ba na jayayya da kai a kan cewa yana zuƙa. Tambayar ita ce ina yake tsayawa, domin a wannan aiki inci biyu ko uku na ƙarshe a kan geji su ne aikin gaba ɗaya. Gejin da muke samu a kasuwa yana auna yawan matsin iskar da aka kwashe, yana tafiya daga sifiri zuwa inci 30, kuma iyakar abin da za a iya kaiwa a Legas shi ne 29.9. Ƙa'idar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ta ce girman iska yana ƙaruwa gwargwadon yadda matsin da ke kanta ya ragu. Idan allura ta tsaya a 25, saura kusan inci 5 na matsi a ciki, ƙwayar iska za ta kumbura sau 6. Idan ta kai 27, sau 10. Idan ta kai 29, fiye da sau 30. Ƙwayar da ta kumbura sau 6 a cikin rezin mai kauri tana iya tasowa rabin hanya ta tsaya, kuma da ka buɗe bawul sai ta koma yadda take, ka yi zaton ta fita alhali tana nan. Wadda ta kumbura sau 30 kuwa tana haɗuwa da 'yan uwanta su taso su fashe a sama. Wannan ne ya sa masu yin silikon na mazubi suke rubuta inci 29 a takardar bayanin kayansu. Tsohon kwamfureso da bawulolinsa na ciki suka gaji ba kasafai yake kaiwa nan ba, ko ya kai ma yana ɗaukar lokaci, ita kuwa efoksi da aka riga aka gauraya ba ta jiran kowa.

Baban Sadiq, Idi-Araba:
Lissafinka daidai ne, Injiniya, amma ka yi wa kwamfureso hukunci tun ba a gwada shi ba. Suna da bambanci ƙwarai. Wani ya mutu, wani kuma firjin ne ya ɓule shi yana nan da ƙarfinsa. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a ɗaura geji kai tsaye a bakin bututun zuƙa, ba tare da tukunya ba, a kunna a ga inda allura za ta tsaya. Idan ta wuce 28, ya isa ya fara da shi. Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen zafi. A cikin firji, gas ɗin da ke dawowa da sanyi shi ne ke sanyaya kwamfureson, to a nan babu wannan, saboda haka bai kamata a bar shi yana ta aiki na dogon lokaci ba, kuma idan aka kashe shi sai an ɗan jira, an saki iska, kafin ya yarda ya sake tashi. Haka nan man da ke cikin masu aiki da gas ɗin R134a yana shan laima daga iska, kuma ka san laimar garin nan, don haka ba zai yi shekaru yana wannan aiki ba. Amma wanda aka ba shi kyauta, me ya rasa?

Maman Hanifa, Ikorodu:
Assalamu alaikum. Ina bin maganarku tun farko, kuma ina ganin an tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato daga ina kumfar take zuwa. Ni ina zuba faranti na ado da maɓallai da 'yan kunne, kuma ina da tukunyar zuƙe iska, amma ba ita kaɗai ta gyara mini aiki ba. Tukunyar tana fitar da iskar da ta shiga lokacin gaurayawa ne kawai. Bayan nan za ka ɗauko kofin ka zuba a mazubi, kuma a wajen zubawar wata iskar take sake shiga, musamman a mazubin ƙwayar carbi wanda yake rufaffe, mai ɗan ƙaramin baki, ga sandar rami a tsakiya inda iska ke son laɓewa. Malam Mai Carbi, ka duba ƙwayoyinka da kyau. Idan kumfar ƙanana ce ƙwarai kuma ta bazu ko'ina, ta gaurayawa ce, tukunyarka za ta yi maganinta. Idan kuwa manya ce guda ɗaya ko biyu a saman ƙwayar ko a gefen ramin zare, ta zubawa ce, kuma ko famfon da ya fi kowane tsada ka saya za ka ci gaba da ganinta. Maganin wannan shi ne a zuba a siririn zare daga gefe ɗaya, ko a tura da sirinji daga ƙasan mazubi zuwa sama, sannan masu babban aiki suna sa mazubin gaba ɗaya a tukunyar matsi har ya daskare.

Mai Carbi, Agege:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Na duba, kuma iri biyun duka suna nan, sai dai ƙananan sun fi yawa. Ban fahimci zancen tukunyar matsi ba. Idan ana so a cire iska, ta yaya ƙara iska zai taimaka? Kuma ko tukunya ɗaya za ta iya yin aikin biyu, in zuƙe da ita sannan in hura?

Injiniya na Apapa:
Kada ka kuskura ka hura iska a tukunyar da ka haɗa don zuƙa. A wajen zuƙa, iskar waje ce ke manne murfin a kan roba, shi ya sa ba ya buƙatar ko ƙusa ɗaya. A wajen hurawa, ƙarfin yana tura murfin sama ne, kuma a matsin da ake aiki da shi, wato bar 4, kusan kilo 4 a kan kowane santimita murabba'i, murfi mai faɗin santimita 30 yana fuskantar ƙarfin da ya doshi tan 3. Wannan aikin tukunyar fenti ce ta masana'anta mai maƙallai da bawul ɗin kariya, ba abin haɗawa a tsakar gida ba. Yadda take aiki kuwa, ƙa'idar Boyle ɗin ce aka juya: matsin yana matse ƙwayar iska ta koma kashi ɗaya cikin biyar na girmanta, mafi yawanta ma ta narke a cikin rezin, sai ya daskare a haka. Akwai sharaɗin da mutane ke mantawa, shi ne dole mazubin silikon ɗin kansa ya kasance an zuƙe masa iska lokacin da aka yi shi. In ba haka ba, kumfar da ke ƙarƙashin fatar mazubin za ta lotsa a ƙarƙashin matsi, aikin ya fito da ƙuraje. Don haka ko ka kai ga sayen tukunyar matsi nan gaba, ta zuƙe iska ce farkon buƙatarka.

Maman Hanifa, Ikorodu:
Haka ne, kuma ina so in tsaya a kan yanayin Legas, domin yawancin bayanan da ake gani an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi da bushewa. Lokacin aiki da ake rubutawa a jikin galan, wato lokacin da kake da shi kafin rezin ya fara daskarewa, an auna shi ne a digiri 23 ko 25. Mu kuwa da rana shagonmu yana wuce 30, kuma ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Efoksi tana fitar da zafin kanta idan aka gauraya, kuma idan tana tare a kofi mai zurfi zafin yana taruwa ya ƙara hanzarta ta, har takan yi hayaƙi ta narka kofin roba. Saboda haka ni da asuba nake gaurayawa, kaɗan-kaɗan, a kwano mai faɗi. Amfanin zafin namu ɗaya ne, rezin yana yin ruwa-ruwa, kumfa tana saurin tasowa, ba ma buƙatar ɗumama shi a ruwan zafi kamar yadda ake yi a Turai.

Laima ita ce babbar matsala. Da damina takan wuce kashi 80 cikin ɗari, kuma sinadarin da ke daskarar da efoksi yana haɗuwa da ita ya bar wani maiƙo ko hazo a fuskar aiki. Ga mai aiki da foliyuritan abin ya fi muni, domin ɓangare ɗaya na wannan rezin yana haɗuwa da ruwa ya haifar da iskar kabon dayoksaid, wato kumfar tana haihuwa ne a cikin mazubi bayan an gama zuƙewa an zuba. Sandar katako ta gaurayawa da kofin takarda duka suna riƙe laima, don haka a yi amfani da na roba, a rufe galan da zarar an ɗiba, kuma kada a sa kalar da aka haɗa da ruwa. Wanda ke saka katako ko busasshen fure a cikin zubi ya fara shafe shi da siririn rezin ya bushe, in ba haka ba zai yi ta fitar da iska har aikin ya daskare.

Ɗan Jos, Mile 12:
Ina da ƙarin bayani kan geji ga 'yan uwa da ke karantawa daga Arewa. Inci 29 da ake ta ambata na bakin teku ne. Jos tana da tsayin kusan mita 1,200, kuma a can ko famfo ya kwashe iska tas allura ba za ta wuce wajen 26 ba, a Kano kuma wajen 28. Kada wani ya ga haka ya ce famfonsa ya lalace. Ina kuma da tambaya: rezin ɗin da masu aikin faiba suke saye a kasuwar sinadarai ta Ojota ya fi efoksi araha nesa ba kusa ba, shin ana iya sa shi a wannan tukunya?

Injiniya na Apapa:
Wancan foliyesta ne, kuma ban ba da shawarar a ja shi da ƙarfi ba. Warin da kake ji a jikinsa na sinadarin sitayirin ne, wanda wani ɓangare ne na rezin ɗin kansa, kuma idan matsi ya yi ƙasa sosai yakan fara tashi ya zama tururi. Mutum zai ga kumfa tana ta fitowa ba ta ƙarewa ya yi zaton iska ce, alhali rezin ɗinsa ne ke raguwa. Tururin yana cin akirilik ya sa masa ƙananan tsage-tsage, yana ɓata man famfo, kuma idan ya haɗu da tartsatsi yana kamawa da wuta a zafin da bai wuce digiri 31 ba, wato zafin shagonmu na kullum. Maganar tsagewa ta tuna mini: kada a goge murfin da asiton ko tina ko sifirit, ruwa da sabulu sun isa. Duk ranar da ka ga fararen layuka kamar gashi a cikin murfin, ya gama aiki, a canza shi.

Mai Walda, Owode Onirin:
Game da haɗawa, ra'ayina shi ne a huda jikin tukunyar, ba murfin ba. Na san waɗanda ake shigowa da su da yawa a murfi aka ɗaura musu geji, amma su da injin masana'anta aka huda, mu kuwa da dirilar hannu za mu yi, kuma tsakiyar murfi ita ce inda nauyi ya fi taruwa. Rami ɗaya a jikin tukunya, ɗan ƙasa da baki, ya isa. A sa nonon tagulla, wato gajeren bututun da ake murɗa wa noti, da wosha ta roba ciki da waje, a ɗaura mahaɗa mai baki huɗu, geji a sama, bawul ɗaya zuwa famfo, bawul ɗaya na sakin iska. Duk waɗannan suna wajen masu kayan famfo a Orile, gejin kuma wajen masu kayan AC. A naɗa farin tef a kowane zare, wato wurin da ake murɗawa a ɗaure. Tiyon ya zama mai zare ko waya a jikinsa, domin na ba-ruwa zai manne ya toshe. Robar baki kuma a yanka ta daga shimfiɗar silikon mai laushi, zobe ɗaya ba tare da haɗi ba.

Baban Sadiq, Idi-Araba:
Saura abu biyu daga ɓangarena, ko da kwamfureso za a yi aiki ko da famfo. Na farko, a sa wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai murfi a tsakanin tukunya da injin, domin idan rezin ya yi ambaliya ya bi tiyo ya tsaya a nan. Na biyu shi ne ɗaukewar wuta. Idan wuta ta tafi alhali tukunya tana zuƙe, iskar waje tana turo man famfo baya ta cikin tiyo har ya zubo a kan aikin. Hannunka ya saba da rufe bawul ɗin famfo kafin komai, kuma ko da kanka za ka kashe, ka rufe bawul tukuna. Wanda zai sayi famfo na gwanjo ya duba farantin jikinsa, domin na Amurka na wuta 110 ne, tamu kuwa 230 ce. Mai ƙarfin CFM 3, wato kusan lita 85 a minti, ya wadatar da tukunya irin wannan.

Mai Carbi, Agege:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ajiye tukunyar zubi da murfin gilashi. Zan gwada kwamfureson da geji kamar yadda Baban Sadiq ya ce kafin in yanke shawara kan famfo. Tambayata ta ƙarshe: wani ya ce mini a sa kofin ruwa a ciki, idan ya tafasa to tukunyar ta yi. Gaskiya ne?

Injiniya na Apapa:
Gaskiya ne, ruwa mai zafin digiri 30 yana tafasa idan allura ta kai wajen 28.7, amma kumfar farko da za ka gani iskar da ta narke a ruwan ce, ba tafasa ba, kuma tururin yana mayar da man famfo fari kamar madara. Gwajin da ya fi shi ne ka zuƙe tukunyar babu komai a ciki, ka rufe bawul, ka kashe injin, ka sa alama inda allura take, ka dawo bayan minti 15. Idan ta sauka sosai, akwai yoyo, kuma yawanci a robar baki ne ko a zaren geji. A gwajin farko ka rufa tawul mai kauri a kan murfin ka tsaya gefe.

Maman Hanifa, Ikorodu:
Idan ka zo sa rezin, kofin ya ninka abin da ke ciki sau huɗu, domin zai taso ya kumbura kafin ya faɗa, silikon ma ya fi efoksi tashi. Ka riƙe bawul ɗin sakin iska a hannu, idan kumfa ta kusa baki ka ɗan buɗe ta koma, ka rufe ta sake tasowa, har ta faɗa da kanta. Bayan ta faɗa, minti biyu ko uku sun isa, kada ka jira sai ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace. Ka saki iskar a hankali, kuma ka sa ɗan auduga a bakin bawul ɗin saboda ƙura, musamman da hunturu. Idan ka gwada kwamfureson ka faɗa mana inda allurar ta tsaya, domin ni ma akwai ɗaya a ajiye a gidanmu.